Kura da Shan Bugu: Wasan Babur da Talla a Ƙasar Bagudo

Gabatarwa

Tun fil azal Bahaushe ya san talla, ya kuma san roƙo. 'Yar talla takan ɗauki farantin goro ko ƙwaryar fura ta zaga gari tana kiran sunan hajarta, in ta dawo uwarta ta ware mata rabonta, a adana don kayan ɗaki. Maroƙi kuwa yakan tsaya gaban basarake ko attajiri ya wasa shi, ya tashi da riga ko kuɗi, wani lokaci ma har da doki. A duka biyun ƙa'idar guda ce, wato duk wanda ya ɗaga sunan wani da bakinsa ko da ƙafarsa, to yana da hakki a kansa. Manufar wannan maƙala ita ce duba wani sabon talla da ya shigo ƙasar Bagudo ta wayar hannu, inda samari ke ɗaga sunayen babura da jikinsu da jininsu, babu mai ba su ko sisin kwabo. Don a gane al'amarin sosai, za a kwatanta shi da wani wasa na ƙasashen sanyi, wato zamiyar allo a kan dusar ƙanƙara.

Babur a Bakin Iyaka

Bagudo hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka ciro daga Sakkwato a 1991. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar, kuma garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje suna can ɓangaren Jamhuriyar Benin. Iyakar ta samo asali ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu gida biyu, amma ba ta raba zumunta ba. Har yau Hausawa da Fulani da Dandawa da Kyangawa suna aure da cin kasuwa a Segbana da Malanbil kamar ƙofar gidansu. Da yake yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan burji ne ko 'yar turba, babur shi ne ya gaji jaki da doki. A wannan ɓangare ana kiran mai haya da shi ɗan kabu-kabu, a Benin kuwa zemijan.

Kafin cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai ya fi araha a Nijeriya nesa ba kusa ba, don haka jarkoki suka yi ta ƙetarawa a bayan babur. Rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba su kashe harkar ba, sai dai sun tura ta cikin daji. A nan ne gudu da iya sarrafa kan babur a yashi da kwazazzabo suka zama abin alfahari, yara suka tashi suna kallon gwanin tuƙi kamar yadda kakanninsu suka kalli barde.

Baburan su ma sun sha sauyi. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka hau Honda da Yamaha da Suzuki na Japan da Vespa ta Italiya. Daga baya na Sin masu sauƙin kuɗi, irin su Jincheng da Haojue, suka kai babur hannun talaka, sannan Boxer na kamfanin Bajaj da TVS na Indiya suka cika tashoshin haya.

Daga Kilisa Zuwa Waya

A da, saurayi mai ji da kansa kan fita kilisa da la'asar, ko ya yi sukuwa ranar salla. Sunan dokinsa daga launinsa yake, akawal ko kili ko danda ko hurde. Sirdinsa na masassaƙi ne da baduku, linzami da likkafa na maƙeri, jalala kuma ta maɗinki. Saboda haka duk idon da ya yaba kwalliyar doki, aikin mutanen gari ya yaba, kuma kuɗin a cikin gari yake juyawa.

Yau filin bai sauya ba, lokacin ma haka, wato ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya ko yammacin salla. Abin hawan ne ya sauya. Saurayi kan ɗaga ƙafar gaba ya yi tafiya a kan ta baya, ko ya miƙe tsaye bisa sirdi ya saki hannu, ko ya yi ta juyi wuri ɗaya har ƙura ta rufe shi. Abokinsa na gefe da waya yana ɗauka. Kafin magariba an ɗora wa hoton kiɗa an saka shi a TikTok ko Facebook, sunan babur ɗin na ƙyalli a jikin tanki, an kuma sake rubuta shi a ƙasan hoton tare da kirari. Yaron da ya gani a Zagga ko a Segbana ba zai ce yana son babur kawai ba, zai kira sunan da ya gani ne.

Zamiyar Allo a Ƙasashen Sanyi

Wannan al'amari na wasa da suna da kasuwa yana da ɗan'uwa a Amurka. A 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, a garin Muskegon na Jihar Michigan, ya haɗa sandunan zamiya biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa mata su yi wasa a kan tudun ƙanƙara. A 1977 Jake Burton Carpenter ya fara ƙera irin wannan allo a Jihar Vermont, kamfanin ya ci sunansa, Burton. Da fari masu wuraren zamiya sun hana 'yan allo shiga, suna ganin su a matsayin yara marasa jin magana, kamar dai yadda dattawan Bagudo ke kallon 'yan wasan babur. Wannan ƙyama ita ta ƙara wa wasan farin jini a wurin matasa, kamfanoni kuma suka gane cewa ƙiriniyar ma haja ce. Suka shiga ɗaukar gwanaye suna ba su allo da tufafi da albashi, suna shirya musu finafinai. A 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan, kodayake babban gwanin lokacin, Terje Håkonsen na Norwe, ya ƙi halarta don bai yarda da waɗanda aka danƙa wa ragamar wasan ba.

Shaun White, wanda ya ci zinare a 2006 da 2010 da 2018, ya zama attajiri ta hanyar talla, har kamfanin lemon Red Bull ya gina masa filin atisaye nasa na kansa a duwatsun Colorado a 2009. Zuwan ƙaramar kyamarar GoPro da dandalin Instagram ya sa kowane mai wasa ya zama mai ɗaukar hoton kansa, kamfanoni kuma suna auna darajarsa da yawan mabiyansa. Wasan bai rasa haɗari ba. A ranar ƙarshe ta 2009 Kevin Pearce ya faɗi wajen atisaye a Jihar Utah ya sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake komawa gasa ba, alhali kuwa da hular kwano a kansa. Duk da haka, gwanin can ya tsare ƙa'idar maroƙi, wato in ya ɗaga suna, akwai rubutacciyar yarjejeniya da lada.

Gardi da Karɓar Kuɗi

To a Bagudo wa ke cin moriyar? Na farko mai dandalin ne. Dandalin yakan lura da hoton da mutane suka daɗe suna kallo ya ƙara tura shi gaba, domin daɗewar ido ita yake sayar wa masu talla. Tun da hoton ganganci ya fi riƙe ido, shi ke yaɗuwa, sai mai wasan ya ga cewa abin da ya yi jiya ba zai isa gobe ba. Na biyu dillalin babura da mai kayan gyara, waɗanda ciniki ke zo musu har ƙofar shago. Babu kamfanin da ya aiko a yi wasan, saboda haka babu wanda za a bi bashin jinya. Saurayin yakan tashi da yabo da tarin mabiya, tayarsa ta cinye, mansa ya ƙone, sau da yawa ma babur ɗin na uban gida ne da ake biya mako-mako.

An taɓa yin wata 'yar muhawara a rumfar wani tsohon baduku a kasuwar Ka'oje. Jikansa ya miƙa masa waya yana nuna masa yawan mutanen da suka kalli wasansa. Tsohon ya duba ya ce, "Ɗan nan, wannan sunan da ke jikin tankin, na ubanka ne?" Yaron ya ce, "A'a Baba, sunan babur ɗin ne." Ya ce, "Mai sunan ya aiko maka da goro?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, ai bai ma san da ni ba." Tsohon ya mayar da kai ga ɗinkinsa ya ce, "Ni da na yi wa doki kaya, mahayin ya san rumfata, ranar salla kuma yakan aiko."

Ranar da ƙafa ta goce kuwa, nauyin a kan iyaye yake sauka. In karaya ce a nufi maɗori, in kai ne ya bugu sai doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, a sayar da buhun shinkafa ko akuya. Hular kwano da za ta rage ɓarnar ba ta samu shiga ba. Mai karatu zai tuna cewa lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sanya ta a watan Janairu na 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka don izgili. Kamfanonin zamiyar allo kuwa sun mayar da hular abin ado, suka buga mata suna suka ɗora wa gwanayensu, yara suka bi.

Kammalawa

Hana wasan ba zai yi magani ba, domin ƙuruciya ba ta rasa filin sukuwa, kuma tarihin zamiyar allo ya nuna cewa hani ƙara wa abu kwarjini yake yi. Jihar Kebbi tana da abin koyi a gida. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, yana da fili da lokaci da alƙalai, kamfanoni na kafa tutocinsu bayan sun zuba kuɗi, wanda ya kamo kifi mafi girma kuma ya tashi da kyauta. Ya kamata hakimai da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu su ware wa wasan babur fili nesa da taron biki da yara ƙanana, su sa hular kwano ta zama sharaɗin shiga. Dillalin da ke son a ga hajarsa a filin ya biya kuɗin kyauta da na jinya. Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aiki, domin kirarin da samari ke rubuta wa baburansu sabon reshe ne na adabin baka da ya cancanci a tattara a nazarta. Kafin nan, ya dace wanda zai miƙe tsaye bisa sirdi ya tambayi kansa wa yake wasawa, kuma me aka ba shi.