Rijiyar Gidan Haya

Mafi yawan ƙananan shafukan intanet da ke koyar da Hausa ba su da gidan kansu, zaman haya suke yi. Kamfanin masauki yakan tanadi babbar kwamfuta guda, wadda ma'aikatan fannin ke kira saba, wasu masu fassara kuma suka raɗa mata suna uwar garke, sa'an nan ya yanka ta ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya masu yawa a ciki. Ga mai tallan atamfa, ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ga malamin nahawu da 'yan darussansa. Kowa da ɗakinsa da mabuɗinsa, kuɗin haya kuma bai taka kara ya karya ba. Sai dai tsakar gida ɗaya ce, rijiya ma ɗaya.

Rijiyar nan ita ce abin da aka saba kira rumbun bayanai, inda ake ajiye kalmomi da ma'anoninsu da sunayen ɗalibai da makin da suka ci. Kalmar rumbu ta dace da ajiya, amma ba ta nuna yadda ake ɗiba, domin ba a yin layi a bakin rumbu. Wanda ke son fahimtar abin da ke faruwa idan shafi ya cije, gara ya riƙe hoton rijiya a zuciyarsa. Duk lokacin da mai karatu ya buɗe darasi, manhajar shafin takan zura guga: ta buɗe haɗi da rumbun, ta nemi abin da ake so, ta jawo, ta saki igiya. Bakin rijiya kuwa ba ya ɗaukar igiyoyi bila adadin. Manhajar MySQL, wadda aka fara fitarwa a ƙasar Suwidin a 1995, wadda kuma ita ko 'yar'uwarta MariaDB ke ƙarƙashin galibin irin waɗannan gidajen haya, tana zuwa ne da iyakar haɗi 151 a lokaci guda, da ƙarin guda ɗaya da ake keɓe wa mai kula da gida don ya samu shiga ko da wuri ya cika. Mai gida na iya ɗaga wannan adadi, amma yakan yanka wa kowane ɗan haya rabonsa, don kada mutum ɗaya ya mamaye bakin rijiyar.

Akwai wani malamin Hausa a Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, da ya ɗanɗana wannan iyaka tun kafin ya san sunanta. Shafinsa ƙarami ne: darussan nahawu, da 'yan gajerun labarai na koyon karatu, da ƙaramin ƙamus da ya shafe shekaru yana tarawa, mai ba da ma'anar kalmar Hausa da Faransanci da Fillanci. Ɗalibansa ba duka ke Garwa ba. Wasu suna Marwa, wasu Ngaundere, wasu kuma suna Rai Buba, wadda taswira ke rubutawa Rey Bouba, tsohuwar masarautar Fulani da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, kudu maso gabas da Garwa, cikin sashen Mayo-Rey. A can Fillanci ne harshen fada da kasuwa, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa kuwa ta fatauci ce da rediyo da gidajen Hausawa. Littafin nahawun da aka buga a Zariya ba abu ne da ake tsinta a kowace rumfa ba, saboda haka ɗalibin da ke son ya san dalilin da ya sa ake cewa "rigar" amma a ce "wandon", wayarsa ce makarantarsa.

Ita kuma wayar tana jiran wuta. Lantarkin arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma a shekarun da ruwa ya ja baya akan koma rabon wuta unguwa-unguwa. Abin da wannan ke haifarwa ga ɗan ƙaramin shafi shi ne, masu karatu ba sa zuwa ɗai-ɗai cikin yini. Sukan zo gaba ɗaya, bayan sallar isha'i, lokacin da waya ta sha caji kuma aiki ya lafa, musamman a daren da malam ya aika darasi cikin zauren WhatsApp. A irin wannan dare ne shafin kan koma fari fat, sai layi ɗaya da Faransanci mai cewa an samu kuskure wajen haɗuwa da rumbun bayanai. Wani ɗalibi daga Rai ya taɓa aiko masa da saƙon murya: "Allah gafarta Malam, na sayi data don darasin nan, ga shi ta kusa ƙarewa, shafin kuma ya ƙi buɗewa." Wanda ya san yadda ake ƙirga kuɗin sefa kafin a sayi data a ƙauye ba zai ɗauki wannan magana da wasa ba.

Ɗan wansa, mai karatun kwamfuta a Jami'ar Ngaundere, shi ya fara raba masa abu biyu da suke kama da juna a ido. Ya ce: "Baffa, a duba lambar kuskuren a cikin kundin da saba ke rubutawa. In 1040 ce, rijiyar gaba ɗaya ce ta cika, mai yiwuwa ma maƙwabci ne ya cika ta. In 1203 ce ko 1226, rabonmu ne muka cinye." Bambancin yana da girma. Na farko ƙara ce da za a kai wa mai gida, ko dalilin neman wani gidan. Na biyu kuwa gyaran cikin ɗaki ne, ba mai yi wa mutum shi. Da suka duba, ta biyun ce.

A nan tunanin da ke fara zuwa wa kowa shi ne ɗalibai sun yi yawa, a ƙara kuɗi a koma babban ɗaki. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna gaggawar wannan tunani. A ɗauka, misali, rabon mutum guga goma ne. Idan kowane ɗiba yana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, to a daƙiƙa guda za a sallami mutum ɗari. Idan kuwa kowane guga yana shafe daƙiƙa biyar a cikin rijiya, mutum biyu kacal za a sallama a daƙiƙa, na uku ya zo ya tarar da layi. Guga goman nan dai su ne, abin da ya sauya shi ne daɗewar igiya a hannu. Masana lissafin jerin gwano suna da ƙa'ida a kan haka, wadda John Little ya tabbatar a 1961: yawan waɗanda ke cikin layi daidai yake da yawan masu isowa a kowane lokaci sau tsawon zaman kowannensu. Matan da ke ɗibar ruwa a rijiyar unguwa sun san ta ba tare da alli ba. Ɗalibi ya lura, a gefe, cewa daƙiƙa a Hausar yau tana nufin sakan, alhali a Larabcin da aka aro ta minti take nufi. Irin wannan zamewar ma'ana ba baƙon abu ba ne ga kalmomin aro.

Tambayar ke nan ta koma: me ke daɗar da guga? Akwai umarni guda, SHOW PROCESSLIST, da ke nuna wa ɗan haya duk igiyoyinsa da ke cikin rijiya a wannan lokaci, da abin da kowace ke yi, da daƙiƙoƙin da ta shafe. Da yaron ya buga shi, sai ga wasu an rubuta a gabansu cewa barci suke. Haɗi mai barci shi ne wanda aka buɗe, aka gama aiki da shi, ba a rufe ba. Harshen PHP, wanda aka rubuta shafin da shi, yakan rufe haɗi da kansa idan aiki ya ƙare, sai fa idan an umarce shi da ya bar shi a buɗe don a sake amfani da shi. Wannan dabara tana da amfani ga mai rijiyar kansa. A gidan haya kuwa ɓarna ce, domin MySQL, in ba mai gida ya rage ba, takan jira daƙiƙa 28,800, wato awa takwas cur, kafin ta kori mai barci. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Gyaran wannan bai wuce sauya layi ɗaya ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙamus, domin matsalarsa daga cikin harshen kansa ta fito. Wayoyi da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutunsu, ko kuma mai wayar bai san inda suke ɓoye ba. Ɗalibin Rai ya san ɓ da ɗ da ƴ tun daga Fillanci, amma ƙ baƙuwa ce a gare shi, domin babu ita a harshensa. Saboda haka zai rubuta kafa yana nufin ƙafa, ya rubuta baki yana neman baƙi, ko fada a maimakon faɗa. Ga kuma wani rabuwar kai: abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, kamar a 'ya'ya, Nijar na rubuta shi ƴ. Malamin bai so ɗalibi ya koma hannu rabbana don rashin lanƙwasa guda, don haka aka tsara neman ta yadda zai bi kowace kalma a rumbun, ya cire mata lanƙwasa, ya gwada ta da abin da aka rubuta, ya kuma duba ko yana farkonta ko tsakiyarta ko ƙarshenta. Niyya ce kyakkyawa, ta malamin da ya san ɗalibansa. Amma rumbun bayanai yana da fihirisa, kamar na bayan littafi, wanda ke kai shi ga kalma kai tsaye, kuma fihirisan ba ya aiki idan sai an sauya kowace kalma kafin a gwada ta, ko idan ba a san harafin farko ba. Sai rumbun ya koma karanta ƙamus daga bango zuwa bango a kan kowace tambaya.

Bugu da ƙari, akwatin neman irin mai gaggawa ne, wanda ke kawo amsa tun mutum bai gama rubutu ba. Mai neman ƙasa zai buga harafi huɗu, kowane harafi tambaya ce mai zaman kanta, guga huɗu ke nan domin kalma ɗaya. Idan ɗalibai ashirin suna aikin gida a lokaci guda, ba sai an kira mai duba ba.

Sannan ga nisan hanya. Sabar tana Turai. Saƙo kan bi wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a gaɓar Kamaru, a Duwala da Limbe da Kiribi, ya hauro arewa, ya ƙarasa ta hasumiyar sadarwa zuwa wayar da layinta ke rawa. A wasu tsare-tsaren masauki, manhaja ba ta kammala aikinta sai ta gama miƙa shafin, kuma muddin ba ta kammala ba igiyarta na cikin rijiya. Ke nan ɗalibin da layinsa ya fi rauni shi ne ya fi daɗewa riƙe da guga, ba da laifinsa ba. Maganin wannan shi ne a ɗebo duk abin da ake buƙata, a saki igiya, sa'an nan a shiga miƙawa.

Gyaran ƙamus ɗin bai ci ko sisi ba. Aka ƙara wa kowace kalma gurbi na biyu mai ɗauke da rubutunta marar lanƙwasa, aka yi masa fihirisa. Yanzu wanda ya rubuta baki za a kawo masa baki da baƙi tare, kowace da rubutunta na daidai, ya zaɓa, kuma a cikin zaɓen ma akwai darasi. Akwatin nema aka koya masa haƙuri, ya jira mai rubutu ya dakata kafin ya aika tambaya.

Babban gyara kuwa ya fito ne daga wata tambaya da malamin ya yi, wadda ta fi ta masana sauƙi: darasin da aka rubuta bara a kan jinsi da adadi, wanda ko waƙafi bai sauya ba, me zai sa a riƙa zuwa rijiya dominsa sau ɗari a dare ɗaya? Ba mai hankalin da ke zura guga duk sa'ad da zai kurɓi ruwa. Randa ake cikawa. Haka ake yi wa shafi: a haɗa shi sau ɗaya, a ajiye kwafinsa a shirye, duk wanda ya zo a miƙa masa, sai ranar da malam ya gyara wani abu a sake cikawa. Masu amfani da WordPress suna da ƙananan manhajoji na yin haka, wanda ya rubuta shafinsa da hannu kuma zai iya mayar da darussan tsayayyun shafuka da ba su da hulɗa da rumbu ko kaɗan. Irin wannan shafi ya fi saurin buɗewa, kuma idan aka rage masa hotuna da kwalliya, ɗalibin Rai ne farkon wanda zai ji sauƙin a aljihunsa. Randar ta kuma tare wasu baƙi da ba a gayyata ba, wato manhajojin da ke yawo suna kwasar shafuka dare da rana, waɗanda da can kowace ziyararsu guga ce.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, a kama sabar kai a huta. Gaskiya ne mai rijiyar kansa ba ya bin layi, amma shi ke yasa, shi ke gyaran baki, shi ke gadin dare, malamin nahawu kuwa ba don haka ya buɗe shafi ba. Wasu kuma sukan ba da shawarar SQLite, wadda aka fitar a 2000, rumbu ne da ke zaune cikin fayil guda a ɗakin mutum, ba ruwansa da layin tsakar gida. Ga ƙamus, wanda karanta shi ake yi ba rubuta masa ba, shawara ce mai ma'ana, ko da yake marubuci ɗaya take bari a lokaci guda.

Abin da ya rage, wanda randa ba ta maganinsa, shi ne gwajin mako. Amsar kowane ɗalibi tasa ce, dole a kai ta rumbu a rubuta. A da kowace tambaya aka amsa sai an aika, tambaya ashirin guga ashirin. Yanzu wayar ke riƙe amsoshin har a gama, ta aika su dunƙule guda, in layi ya yanke kuma ta ajiye su ta sake gwadawa. Lokacin gwajin ma malamin ya buɗe shi, daga azahar ɗin Juma'a zuwa daren Lahadi, maimakon awa ɗaya bayan isha'i, saboda ranar da Garwa ke da wuta ba lallai ne Rai ta samu ba.