Neman Lasisin Tuƙi A Birnin Bamingham

A wannan wata zan ɗan zagaya da ku birnin Bamingham na ƙasar Ingila, inda na yi zama tare da maigida lokacin da ya je ƙaro karatu a shekarar 2022, domin in ba ku labarin yadda baƙo ke samun lasisin tuƙi a can. Da yawa daga cikinmu kan bi mazajensu zuwa irin waɗannan ƙasashe, kuma an ce tambaya rabin ilmi.

Bamingham shi ne birni na biyu a yawan jama'a bayan Landan, kuma akwai Musulmi da yawa, musamman a unguwanni irin su Small Heath da Sparkhill, inda za ki ga masallatai da shagunan naman halal jere a bakin titi. Sai dai rayuwar can ba kamar ta gida ba ce. Babu direba, babu yaron aike, babu ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da za ki tsayar a ƙofar gida. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ga sanyi ga yayyafi, ga yara suna jiran a ɗauko su daga makaranta a kai su Islamiyya, maigida kuma yana ɗakin karatu. A nan ne uwargida take gane cewa iya tuƙi ya zama larura.

Dokar ƙasar ta yarda wa mai lasisin Nijeriya ya yi tuƙi da shi har tsawon wata 12 daga ranar da ya fara zama. Da zarar wa'adin ya cika, lasisin nan ya tashi aiki a can, kuma wanda ya ci gaba da tuƙi da shi ya karya doka, inshorarsa ma tana iya zama banza ranar da tsautsayi ya faɗa. Akwai ƙasashen da ake musanya wa mutanensu lasisi ba tare da jarrabawa ba, kamar Afirka ta Kudu da Kanada, amma Nijeriya ba ta cikinsu. Saboda haka ko shekara 20 kika yi kina jan mota a Kano, sai kin koma ɗaliba.

Matakin farko shi ne neman lasisin koyo daga hukumar DVLA da ke garin Swansea, wanda a 2023 na biya fam 34 ta intanet. Abin da ya fi damuna shi ne hoto, amma sai na tarar an yarda mace ta ɗauka da hijabinta saboda addini, in dai fuska a buɗe take. Na kuma samu mace mai koyar da tuƙi, domin akwai su da dama a unguwannin Musulmi, kuma hakan ya kwantar wa maigida da ni kaina hankali.

Wahalar farko ita ce hannu. Su a hannun hagu suke tuƙi, sitiyari yana dama, giya kuma da hannun hagu ake sa ta. Mu ma haka muke a da, sai a watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma hannun dama. Sai kuma shataletale, wanda Bamingham ke da su birjik, manya masu layi uku ko huɗu, kuma kowane layi da inda yake kaiwa. Doka ita ce ki ba wanda ke zuwa daga damanki hanya, ki zaɓi layinki tun kafin ki shiga, ki kunna sigina kafin ki fita. Ba a kutse, ba a danna hon don a gaisa, kuma in mai tafiya a ƙasa ya sa ƙafa a zanen tsallaka titi, dole ki tsaya ko da yaro ne ƙarami. Malamata kullum maganarta ɗaya ce: madubi, madubi, madubi.

Jarrabawa kashi biyu ce. Ta farko a kwamfuta ake yi, kuɗinta fam 23 a lokacin. Tambayoyi 50 ne, sai kin ci 43, kuma yawancinsu daga littafin dokokin hanya mai suna Highway Code ake ciro su. Daga nan sai a nuna miki gajerun bidiyo 14, ki riƙa danna maɓalli duk lokacin da kika hango haɗari na tasowa, kamar yaro zai faɗo titi ko mota za ta fito daga lungu. Nan ma sai kin samu maki 44 cikin 75. Tun daga 2014 aka daina yarda da tafinta, don haka wadda Turancinta bai yi ƙarfi ba ta fara da gyara shi. Takardar cin wannan jarrabawa shekara 2 take aiki, in ba ki ci ta biyu a cikinsu ba, sai ki sake daga farko.

Ta biyu ita ce ta kan titi, fam 62 a ranakun aiki, kuma samun rana kaɗai ya ɗauke ni watanni saboda cunkoson da annobar korona ta bari. Kafin ki shiga mota za a ce ki karanta lambar wata mota daga nisan mita 20, in kin kasa, jarrabawa ta ƙare a nan. Tuƙin kansa kimanin minti 40 ne, mai jarrabawa yana gefenki da allonsa, ba fara'a ba faɗa. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ɗaya ya isa ya kayar da mutum, kuma kusan rabin masu shiga ba sa ci. Babu ɗan tsakiya, babu sanayya. Ki kuma sani, in da mota otomatik kika ci, ita kaɗai lasisinki zai ba ki damar ja. Ni dai Allah Ya taimake ni na ci, saura 'yan makonni wa'adina ya cika.

Samun lasisi ba shi ne ƙarshen taka-tsantsan ba. Sabon direban da ya tara makin laifi 6 cikin shekara 2 na farko, ƙwace lasisin ake yi ya koma koyo, kuma riƙe waya a hannu ana tuƙi kaɗai maki 6 ne da tarar fam 200. Iyaye mata kuma su lura, dole yaro ya zauna a kujerar yara ta musamman har sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135.

Shawarata ga 'yar'uwar da tafiya ta kama ita ce ta tafi da lasisinta na gida wanda bai ƙare ba, ta nemi na koyo tun da wuri, ta kuma ware kuɗin darasi a cikin kasafin gida, domin wata 12 kamar yau ne, kuma da sanyin safiya ake kama fara. Mu da ke gida kuma, ɗaura wa yaro bel da ajiye waya yayin tuƙi ba sai an je Ingila ba, ran da ke cikin motar amana ce a hannunmu. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.