Littafin Iya da ƙugiyoyin da muka sa da hannu



Ranar Asabar da ta wuce aka yi sunan jikarmu ta fari a nan Maraɗi. Ana cikin gyaran ɗaki saboda baƙi, uwargida ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki muka tarar da kwafi uku na littafinmu na farko, gara ta ci gefen ɗaya. Jama'a na ta shigowa barka, mu kuwa muna zaune bakin gado da littafi a hannu, hankalinmu ya koma ƙauye.

An san mu da rubuta littattafan yara, amma mai labaran ta asali ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Kakarmu ce ta wajen uba, muna ce mata Iya, a wani ƙauye kusa da Tsibirin Gobir. Bayan sallar isha'i take shimfiɗa tabarma bakin rumbu, mu jikoki mu kewaye ta. Da rana ko ka yi kukan jini ba za ta yi maka tatsuniya ba. A wurinta muka san Gizo da Ƙoƙi da Botorami, da kura mai kwaɗayin da kullum ke kai ta ga halaka.

A 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, damina ta ƙi, ga iyakar Najeriya a rufe. Baba ya fita neman abin da za a ci. Anza ake jiƙawa kwana da kwanaki, ana sauya mata ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. A shekaran nan ne tatsuniyoyin Iya suka fi tsawo. Gizo sai ya fita daga wannan rigima ya faɗa waccan, mu kuma mu yi ta jiran ƙarshe har barci ya kwashe mu. Sai da muka girma innarmu ta gaya mana dalili: daren da tuwo ba zai kai ba, Iya kan ja labari don kada mu tuna da cikinmu.

A lakwal kuwa wata duniya ce daban. Wanda aka kama yana Hausa, sai a rataya masa sambol a wuya, shi kuma ya yi ta fakon wanda zai miƙa wa. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, to amma tamu ba ta cikin irin waɗannan. Mun girma muna zaton harshen Iya na tabarma ne, takarda kuwa sai Faransanci. Sai da wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya ara mana Magana Jari Ce na Abubakar Imam muka ga ashe Hausa ma na zama a cikin littafi.

Da muka zama mushe, aka tura mu wani ƙauye a jihar Tawa, aka ba mu aji na farko. Yara cike da runfar zana, littafin karatu ɗaya ne, shi ma a hannunmu yake. Ranar da muka gaji da maimaita musu abin da ba su ji, muka rubuta jimla ɗaya daga labarin Gizo a kan allo, da Hausa. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta haɗa haruffan a hankali, ta kai ƙarshe, sai ta fashe da dariya don ta gane abin da ta karanta. Daga ranar muka sayi kaye, duk hutu in mun je gida mu zauna gaban Iya muna rubutawa.

Labari goma sha ɗaya muka tara. Uwargida ta sayar da tunkiyarta, muka haɗa da ɗan abin da muka ajiye, muka kai wa wani mai buga takardu. Da muka je ɗauka, kwafi ɗari uku, sai muka ga na'urarsa ba ta san haruffa masu ƙugiya ba. Ɗaki ya koma daki, ɓarawo ya koma barawo. Inda muka rubuta cewa Gizo ya yi baƙi, littafi ya ce Gizo ya yi baki! Muka yi magana, mutumin ya ce shi dai ya gama aikinsa, in ana son sabo a kawo wasu kuɗi. Ina muka gan su?

A daren nan ba mu ci abincin kirki ba. Uwargida ce ta ce, "Malam, ƙugiya ce kawai babu? To mu sa mata mana." Aka sayo bik baƙi guda biyar. Sati biyu cur, bayan isha'i, mu da ita da ƙannenmu biyu muna kan tabarma gaban fitilar ƙwai, shafi bayan shafi. Babban ɗanmu, lokacin yana da shekara bakwai, ya nace sai an ba shi nasa bik. Kwafi huɗu ya ɓata kafin mu farga, don duk harafin ka da ya gani sai ya sa masa ƙugiya, har kura ta koma ƙura.

Kwafin farko Iya muka kai wa. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Maigida, karanta mini in ji mi ka yi da kayana." Muka karanta cike da alfahari. Ba mu kai rabi ba ta ɗaga hannu. "Ina waƙar? Nan wurin Ƙoƙi waƙa take yi. Kun cire waƙa, kun bar ma yara ƙashi babu nama." Gaskiyarta. Mun cire waƙoƙin ne don rage shafuka. Muka yi mata alkawarin in an sake bugawa za mu dawo mu rubuta su daga bakinta.

Ba mu dawo da wuri ba. Aiki, canjin wuri, yau da gobe. Da damina ta zagayo aka aiko mana Iya ta rasu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Waƙa uku kawai innarmu ta iya tunowa, sauran sun tafi da mai su. Littattafan da muka rubuta daga baya sun fi na farko kyan bugu, wasu har da zane mai launi, amma har yau in muka zo wurin da ya kamata a yi waƙa, sai hannunmu ya tsaya.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna, mu da muka taɓa ɗaukar sambol a wuya. Sai dai abin da yaro zai karanta da harshen, a bakin tsofaffinmu yake, kuma kullum raguwa suke yi. Mu a zamaninmu sai da kaye da bik. Ku yau kowa na da salula mai ɗaukar murya a aljihu. In akwai tsohuwa a gidanku, don Allah ku zauna gabanta a daren yau, ku bar ta ta yi labarinta har da waƙar, kada ku ce sai hutu mai zuwa.

Yaron nan da ya mai da kura ƙura, shi ne uban jaririyar da aka raɗa wa suna ranar Asabar, kuma sunan Iya ya mayar mata. Mun ba shi kwafi ɗaya cikin ukun ya ajiye mata. Da ya buɗe, sai ga ƙugiyoyinsa nan birjik, ashe ɗaya daga cikin huɗun da ya ɓata ne. Allah Ya raya ta, Ya ba mu tsawon rai mu karanta mata shi da bakinmu.