Kallon da ake yi wa tsohuwar mota

Kallon mota iri biyu ne a garuruwanmu. Akwai wanda ake yi wa sabuwar ƙatuwar mota mai baƙin gilashi, irin wadda manyan ma'aikata da attajirai suke shiga. Daga nesa ake yin wannan, da wutsiyar ido, ana ja da baya saboda ƙura, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsa guda ce: ina ya samu? Akwai kuma wanda ake yi wa motar da ta tsufa da kyanta. Shi wannan yakan sa mutane su matso, su kewaye ta, su shafa, su leƙa ciki, daga nan sai hira ta ɓarke. Na biyun ne na sani, domin yau shekara takwas ke nan ina tuƙa irin wannan mota a titunan Maraɗi, ni da ba ni da abin da ya wuce albashin malamin lise.

Motar Peugeot 504 ce, amma ba wadda kowa ya saba gani ba. Wadda muka sani, mai ƙofa huɗu, wadda daga baya aka yi mata doguwar nan ta ƴan tasha, ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Tawa ƙanwarta ce mai ƙofa biyu, wadda Faransawa suke kira kupe. A Jeneba aka fara nuna ta a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, shi ne kuma yake ƙera shi kusa da Torino, sannan a kai shi Sosho ta Faransa a saka masa inji. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta gaza ta yayarta da santimita 19, ta fi ta kwanciya ƙasa, kuma ƙarfen jikinsu dabam-dabam ne. An daina ƙera ta a 1983. Ita da ƴar'uwarta mai buɗaɗɗen rufi ba su kai dubu 40 ba, alhali 504 gaba ɗaya ta haura miliyan 3. Akwai jinin tsere a gidansu: a 1978, Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ta Bandama a Kodebuwa da irinta mai injin V6. Tawa mai silinda huɗu ce, ƙirar farkon shekarun 1970, kuma a hannuna ba ta taɓa tsere da kowa ba.

Yadda ta iso nan ma labarin wani zamani ne. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turai sukan sayi tsofaffin Peugeot, su keto Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Nijar su sami kuɗin jirgin komawa gida. A hannun irin waɗannan ne kawuna, wanda ɗan kasuwa ne, ya saye ta a Agadas. Da ya rasu, ta riga ta shekara da shekaru ƙarƙashin rumfa, kaji suna kwana a kanta. Magada ba su yi zawarcinta ba, don ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Aka yi mata kuɗi, na biya sannu a hankali, makaniki ya shekara guda yana fama da ita kafin ta yi tari ta tashi.

Tun daga ranar na soma karatun masu kallo. Yara suna biyo ta da gudu, suna ihun «ga motar fim». Samarin fada sukan aje kofin shayi su ɗaga waya, wani ya roƙi in tsaya ya jingina da ita a ɗauke shi hoto. Ƴan kabu-kabu sukan jera da ni su tambayi iyakar gudunta. A shingayen hanya kuwa, sau da yawa duba takardu yakan ƙare da tambayar shekarunta. Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai tsofaffin direbobi ne. Wata rana a Tasawa, a kan hanyar Damagaram, wani dattijo ya kewaye ta sau biyu, ya ga zakin Peugeot a gaba, ya ƙirga ƙofofi, ya ce: «Ɗana, wa ya yanke mata sauran?» Na ce: «Baba, haka aka haife ta.» Ya ce in tayar da ita ya ji muryarta. Ya saurara, idonsa a rufe, sannan ya ce buji guda ya gaji. Daga nan ya ba ni labarin shekarun da ya yi yana jigila da 504 tsakanin Maraɗi da Yamai: fasinja a matse, kaya a kan rufi, da daren da ya kai wata mai naƙuda asibiti da ƙyar. Sa'a guda muka yi a tsaye. Da na koma gida makaniki ya duba, bujin kuwa ya gaji.

Irin wannan haɗuwa ita ta fahimtar da ni cewa kaɗan ne rabona a cikin kallon. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a ƙofar fadar Damagaram ya san doki da kayan adonsa ido yake fara kamawa, kafin a tambayi wane ne a kai. Dattijo yana duban motata yana hango ƙuruciyarsa. Wata uwa ta ce mini a irinta aka kai ta gidan miji, ko da yake na tabbata mai ƙofa huɗu take nufi. Ban gyara mata ba. Kama da wane ba wane ba ne, amma a nan kamar ta wadatar.

Sai dai kallo yana da farashi, kuma mai mota ne yake biya. Na farko shi ne sirri. Duk inda na aje ta, gari ya san inda nake. In na daɗe a wani gida, kafin in dawo labari ya riga ni. Na biyu shi ne lokaci, domin sayen burodi na minti biyar yakan zama rabin sa'a. Na uku shi ne zato. Wanda ya ga ana ɗaukar motarka hoto yana ɗauka aljihunka a cike yake, sai masu buƙata su yawaita, alhali a kasuwar nan tsohuwar Toyota ta fi ta daraja. Na huɗu, in ta mutu a tsakiyar hanya, masu tura ta sun fi na kowace mota yawa, haka ma masu dariya. Mahaifiyata ba ta daina gargaɗina a kan kambun baka ba, ni kuma ban daina amsa mata da «to, Inna» ba. Akwai kuma wuraren da na hana kaina zuwa da ita. Ba na kai ta gidan makoki, domin bai dace hankalin masu ta'aziyya ya koma kan ƙarfe ba. Can da ƙafa nake zuwa, ko in hau kabu-kabu.

A makaranta na fi yin taka-tsantsan. Malami yana koyarwa da abin da yake hawa kamar yadda yake koyarwa da alli, kuma ban so ɗalibai su ɗauki darasin ƙwalisa ba. Tambayarsu ta farko kullum ita ce: «Mushe, nawa take gudu?» Sai in juya ta zuwa wata: mota ta haura shekara hamsin, me ya sa har yanzu take tafiya? Daga nan mukan shiga zancen makanikan da suke gyara abin da babu sabonsa a kasuwa, da kayan da ake nemowa daga Katsina da Kano. Har darasin harshe ta ba mu. Ɗalibai suka jera sunayen kayan mota, suka gano cewa mu muna cewa esansi da buji, ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka suna cewa fetur da fulogi: Hausa guda, mulkin mallaka biyu, duka a cikin inji ɗaya.

Sau biyu ana taya ta da kuɗin da ya fi albashina na shekara, kuma masu tayin ba su ɓoye mini cewa Turai za ta koma ba. Can ana neman irinta. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman ta kayan tarihi, kuma tun 1988 Peugeot take da gidan tarihinta a Sosho. Mai ƴaƴa a makaranta ba ya jin irin wannan tayi ya yi barci da wuri. Na ƙi, amma ba zan rantse cewa zan iya ƙi har abada ba.

Abin da ya sa na kawo wannan zance gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne, mun iya adana takobi da sirdi da tambari, mun kuma san darajarsu. Motocin da suka yi jigilar ƴan kasuwa da ɗalibai da amare tsakanin Tawa da Maraɗi da Damagaram kuwa, ana yanka su ana auna ƙarfensu da kilo, direbobinsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labaransu. Taron da yake kewaye motata shaida ne cewa jama'a suna son ganin wannan ɓangare na tarihinsu. Ba sai an gina babban gida ba. Ƙungiya guda za ta iya ceto 404 ɗaya ko 504 ɗaya, ta aje ta a inuwa, ta aika ɗalibai tasha su naɗi muryar tsofaffin direbobi tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma sai an sami wanda ya adana ta.