Sechna, Ƙauyen Da Ake Yi Wa 'Ya'yan Itace Banda

A kudancin ƙasar Polan, kudu maso gabas da birnin Krakow, akwai wani ƙauye a tsakanin tsaunuka mai suna Sechna, a gundumar Laskowa. Wanda ya ratsa yankin a watan Satumba ko Oktoba zai ga hayaƙi yana tashi daga 'yan bukkokin katako da ke bayan gidaje, dare da rana, har ya yi zaton nama ko kifi ake kyafewa. Alhali kuwa 'ya'yan itace ne a kan wuta. Mu da muka san bandar kifin tafkin Cadi ba za mu yi mamakin dabarar ba, sai dai abin da ake yi wa ita.

Ɗan itacen shi ne wanda Faransawa ke kira prune. Ya yi kama da ɗinya wajen launi, amma ya fi ta girma da tsoka, ƙwallonsa guda ɗaya. Ba ya jimawa bayan an tsinke shi, ga shi kuma yana nuna ne daidai lokacin da rana ta yi rauni, sanyi da ruwan sama suka kawo kai. Inda mu za mu shimfiɗa tumatir a rana mu sami kauɗa, su ba su da wannan gata. Sai suka koma ga wuta.

Ana gina murhu da dutse ko bulo a ƙasa, a jera sanduna a samansa kamar gadon kara, a zuba 'ya'yan a kai. Itacen da ake hurawa mai tauri ne, ba a sa mai ƙaro, domin yana ɓata ɗanɗano. Zafin ba ya wuce awo 45 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyos, ana juya su da shebur kullum, har kwana 4 zuwa 6. A nan gwanintar take, domin in wuta ta yi yawa sai fatar ta tsage ruwan zaƙin ya tsiyaye, in ta mutu kuwa a tarar da ruɓa. Saboda haka mai gida ba ya barci mai nauyi a wannan mako. Abin da ke fitowa baƙi ne mai yamutsattsiyar fata, mai danƙo a hannu, da zaƙi da ɗan tsami da ƙanshin hayaƙi. Sunansa suska sechlońska, wato busasshen Sechna.

Mutanen wurin suna da wata hikaya da suka gada. An ce wani limamin coci ne ya ga shan barasar da ake yi da wannan ɗan itace ya addabi jama'arsa, sai ya umarce su da su riƙa kyafe shi, tunda wanda ya sha hayaƙi ba ya yin giya. Ko da hikaya ce kawai, ni dai hikimar ta burge ni: bai ce a sare itatuwan ba, sai ya canza wa amfaninsu hanya. Amma umarnin bai kai ko'ina ba, don garin Łącko da ke kudu da su har yau da barasar wannan ɗan itace aka san shi.

A shekarar 2010 Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista, ta yadda ba mai sayar da kaya da shi sai wanda ya kyafe a gundumomi 4: Laskowa, Iwkowa, Łososina Dolna da Żegocina. Kariyar ta zo a kan gaɓa, domin busassun da ake yi da inji a Kaliforniya da Cile sun cika kantuna, ba su bukatar kowa ya kwana a bakin murhu, sannan wata cutar itatuwa mai suna sharka ta yi wa tsohon irin da aka fi kyafewa ɓarna ƙwarai.

Mutanen Polan suna dafa suska da busassun tuffa a ruwa su sha a daren jajibirin Kirsimeti. Suna kuma jefa shi a cikin bigos, wani dafaffen kabeji da nama. Ɗan'uwan da tafiya ta kai shi can ya sayi suska a kasuwa ya ci hankali kwance, amma ya yi tambaya kafin ya sa hannu a bigos, domin galibi da naman alade ake yin sa.