Adakar Baba Mai Hoto

Har yau in aka buɗe kwalbar ruwan tsami kusa da ni, sai in ji ni a ɗan ɗakin nan na bayan shagon Baba mai hoto a Tudun Wadar Kaduna, inda ba taga ba iska, sai jan ƙwan lantarki guda yana reto bisa kanmu, da tasoshi uku na ruwan magani jere a kan benci, da famfo yana ɗiga cikin bokiti ɗis, ɗis, tun safe har magariba. Shekarata goma sha uku.

Aikina shara ne da ɗebo ruwa, da shanya hotuna a igiya, da datse gefensu da almakashi mai haƙora. A wajen yaron nan da nake a lokacin, hoto ado ne kawai. Mutum ya ci kwalliya ya zo yana ƙamshin ɗan-goma, ya zauna gaban labulen da aka zana wa jirgin sama, ya ɗora hannu kan rediyon da ba batir a ciki, Baba ya ce kada a motsa, sai ƙyas. Amare da lallensu, alhazai da haƙorin Makka, 'yan makaranta masu neman na fasfo. Kowa so yake ya fito fiye da yadda yake.

Amma a ƙarƙashin benci akwai wata baƙar adaka mai kwaɗo, wadda ba a buɗewa sai ranar da ruwan sama ya hana ciniki. In Baba ya zaro makullinta daga alabensa ya ɗaga murfin, ƙamshin kafur da na tsohuwar takarda ne ke fara fitowa, sannan hotuna, tuli guda, waɗanda ya yanko daga Drum da Life da jaridun da masu ƙosai ba su riga shi saye ba. Bokonsa bai yi nisa ba. Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ke karanta masa, shi kuma ya juya bayan takardar ya rubuta sunan gari da shekara da ajami, da tawadar allo.

A kan tabarmar shagon na fara ganin Sharpeville ta 1960, mutane na gudu cikin fili, an kashe 69, yawanci ta baya harsashi ya same su. Na ga Birmingham ta Amurka a 1963, karen ɗan sanda ya cafki rigar wani saurayi baƙar fata a kan titi, ga masu kashe gobara sun juya tiyo kan yara. Na ga yarinyar Biyetnam ta 1972 tana gudu tsirara, ta ware hannuwa saboda ƙuna. Akwai kuma na yaƙinmu na basasa, yaran Gabas masu kumburarren ciki da siraran ƙafafu, waɗanda Baba ba ya iya daɗewa a kansu, sai ya kife su yana salati. Can ƙasa kuwa wani gwangwanin biskit ne cike da hotunan samari cikin sabon kaki, waɗanda shi da kansa ya ɗauka a 1967 kafin jirgin ƙasa ya kwashe su. Sun biya kuɗi, sun ce in sun dawo za su karɓa. Ba su dawo ba.

Cikin daminar 1976 malamin ya shigo a jiƙe, da jarida cikin hammata. Ya shimfiɗa ta kan kanta bai ce uffan ba. Wani dogon saurayi ne a guje, fuskarsa a yamutse, ya rungumo yaro ɗan makaranta, kan yaron ya langaɓe, jini a bakinsa, ga wata yarinya cikin kayan makaranta tana gudu a gefe, baki buɗe, ta ɗaga tafin hannu kamar mai tare wani abu da ido ba ya gani. Soweto, 16 ga Yuni. Malam ya ce sunan yaron Hector Pieterson, yarinyar yayarsa ce Antoinette, kuma 'yan makaranta sun fito zanga-zanga ne don an tilasta musu karatu da harshen Afirkans. Na dubi gajeren wandonsa, na dubi nawa. Sa'ana ne.

Na ce, "Baba, shi mai hoton me ya hana shi ajiye kyamara ya taimaka?"

Ya daɗe yana tauna goro kafin ya amsa. "Ɗan nan, da ya ajiye, da ni da kai mun san an yi? Da sai hukuma ta ce ba wanda ya mutu. Wannan shaida ya tsaya, kuma shaida nauyi gare ta."

A daren na shiga ɗakin duhu na tsoma takarda a tasar farko, ina kallon fuskar wata amarya tana tasowa sannu a hankali daga farin takarda, ido, hanci, sarƙar wuya, hannuna kuwa sai rawa yake. Ashe irin wannan ruwan mai wari shi ya fito da yaron Soweto. Ashe sana'ar da nake wa shara tana iya tsayawa gaban bindiga.

Sai da na girma na san sauran labarin. Sam Nzima ne ya ɗauki hoton, ma'aikacin jaridar The World, kuma a safarsa ya cusa fim ɗin kafin 'yan sanda su tare shi su lalata sauran. A motar 'yan jaridar aka garzaya da Hector asibiti, amma rai ya yi halinsa. Barazana ta sa Nzima ya bar aikin jarida ya koma ƙauyensu, a 1977 kuma aka haramta jaridar. Na ji labarin wani mai hoton, Peter Magubane, da ya ɓoye kyamara cikin burodi, ya yi kwana 586 a kurkuku shi kaɗai a ɗaki. Duk lokacin da na ji irin wannan, muryar Baba nake ji da ƙamshin kafur.

Saurayin da ya ɗauko Hector sunansa Mbuyisa Makhubo, ɗan shekara 18. Hoton ya sa aka shiga farautarsa, ya gudu Botswana, daga can ya iso Najeriya. Nakan zauna in yi ta tunani, ashe lokacin da muke juya hotonsa a kan tabarma, ƙasa ɗaya za ta haɗa mu, rana ɗaya za ta riƙa dukanmu, ba mu sani ba.

Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, shagon ma an rushe shi tuni. Adakar ce ta zo hannuna, kwaɗon ya yi tsatsa, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi. Gwangwanin samarin nan yana ciki, ban zubar da ko ɗaya ba. Wasiƙar ƙarshe da mahaifiyar Mbuyisa ta samu daga gare shi a 1978 ne, kuma daga Najeriya ta fito. Ta rasu ba ta sake ganinsa ba.