Akwatin Buga Bulo

Mahaifina magini ne a garin Doma. Tun ina yaro nake kallonsa yana buga bulo da akwati guda, ko da siminti ko da jar ƙasa, siffa ɗaya ke fitowa. Idan yaronsa ya kawo kwaɓi mai ruwa, ba ya bari a zuba. Sai ya taɓa da yatsa ya ce, "Ruwa ya yi yawa, ƙaro ƙasa." Magana ɗaya tak, an wuce wurin.

Wannan ne ya faɗo mini a rai wani dare da na zo hutu daga Lafiya, ga aikin kammala karatu a wuyana, ga babu wuta, batirin kwamfuta kuma na shirin mutuwa. Da harshen C++ nake rubutu, wanda Bjarne Stroustrup ya soma ƙirƙirowa a 1979. A cikinsa akwai tamfilet, wanda tamkar akwatin Baba yake: umarni ɗaya, a zuba masa lambobi ko sunaye ya yi aiki.

Kuskurena ƙarami ne. Na ajiye sunaye a jeri mai kama da sarƙa, wanda sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce umarnin sort ya tsara su, alhali shi yana bukatar tsallakawa kowane gurbi kai tsaye. Kompaila, wato tafintan da ke mayar da rubutuna yaren na'ura, ya ƙyale aka zuba kwaɓin. Sai da aiki ya karye can ciki, ya amayo mini layuka rututu game da fayilolin da ban taɓa buɗewa ba. Ina cikin lalube batirin ya mutu. Na kwana ina zaton kaina ne ba ya ja, har na yi tunanin barin fannin.

Ashe masana ma abin ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Sun tsara hanyar da tamfilet zai bayyana sharuɗɗansa tun daga ƙofa, aka jingine ta a 2009, sai a C++20 ta samu shiga. Wanda ya bi sabuwar hanyar, tafinta kan ambata masa sharaɗin da bai cika ba, ko da yake har yanzu yakan cika surutu.

Yau idan ɗalibi ya kawo mini aikinsa, nakan ɗora yatsa a kan layin da ya kuskure, in faɗa masa abin da zai ƙaro, kamar yadda na ga Baba yana yi.